Horon Wankin Kafet a Kamfanonin Tsafta: Wa Ke Biya, Wa Ke Cin Moriya?

Wankin kafet na manyan gine-gine, irin su ofisoshi da otal-otal da filayen jirgin sama da makarantu, sana'a ce mai zaman kanta a Amurka da Birtaniya. Kamfanoni ne ke karɓar kwangilar aikin, su tura ma'aikata da injuna, galibi da daddare bayan masu ofis sun tashi. A ƙasashen biyu doka ba ta wajabta wa mai wankin kafet riƙe lasisin sana'a ba, kamar yadda ta wajabta wa direban babbar mota. Wanda ya sayi inji yau yana iya fita neman ciniki gobe. Duk da haka, cikin shekaru hamsin da suka wuce kwasa-kwasan koyar da aikin sun yawaita, sun samu manhaja da jarrabawa da takardar shaida, har wasu masu ba da kwangila suka mai da takardar sharaɗin shiga takara. Abin da masu kamfanoni da ma'aikatansu ke son sani shi ne ko kuɗi da lokacin da ake zubawa a horon suna dawowa, in kuma sun dawo, aljihun wa suke shiga.

Abin da ya haifar da horon

Tushen maganar yana ga yadda shi kansa kafet ya sauya. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, yawancin abin da ake shimfiɗawa saƙaƙƙiyar darduma ce ta ulu, mai tsada, wadda ake naɗewa a fitar da ita a kakkaɓe ko a kai ta wurin wanki. A shekarun 1950 masana'antun garin Dalton na jihar Jojiya suka haɗa abu biyu: injin da ke soka zare a jikin ƙyalle da sauri maimakon saƙa, da zaren nailan wanda Wallace Carothers ya ƙirƙiro a kamfanin DuPont a 1935. Farashi ya faɗo, aka koma shimfiɗa kafet daga bango zuwa bango, a ofisoshi ma har a manne shi da daɓe da gam. Abin da aka manne kuwa ba ya naɗuwa. Dole a wanke shi inda yake, kuma duk ruwan da aka zuba masa sai an san yadda za a zuƙo shi. Mafi yawan ɓarnar da ake yi a wannan sana'a daga nan take fitowa.

Daga baya zaruruwa suka ƙaru, kowanne da halinsa. Bayan ulu da nailan aka samu foliyesta da folifurofilin. Kamfanin Interface, wanda Ray Anderson ya kafa a 1973, ya yaɗa kafet mai gutsure-gutsure a ofisoshin Amurka, murabba'ai masu faɗin santimita 50 da ake jerawa kamar tayil. A 1986 DuPont ya fito da Stainmaster, nailan da aka shafa wa sinadarin hana tabo kamawa, sai ya zamana sabulu mai kaifi da aka saba amfani da shi yana iya kankare wannan kariya a wanki ɗaya. Ma'aikacin da ya iya aikinsa jiya ya wayi gari yana ɓata kayan mutane ba tare da ya sauya komai ba.

Ƙungiyoyin sana'ar ne suka tashi cike wannan giɓi. A Birtaniya an kafa cibiyar BICSc ta koyar da aikin tsafta a 1961, da ƙungiyar masu wankin kafet ta NCCA a 1968. A Amurka Ed York ya kafa a 1972 cibiyar da yanzu ake kira IICRC, mai hedikwata a Las Vegas, wadda ta rubuta ƙa'idar aiki mai lamba S100. Kwas ɗinta na farko ga mai wankin kafet kwana biyu ne, a ƙarshensa a rubuta jarrabawa, kuma akwai wani na daban, shi ma kwana biyu, kan kula da kafet na manyan gine-gine. Takardar ba ta har abada ba ce: ana sabunta ta duk shekara da kuɗi, ana kuma buƙatar ƙarin awannin karatu lokaci-lokaci. Ƙungiyar masu ƙera kafet ta CRI da ke Dalton tana gwada injuna da sabulai ta ba su tambarin amincewa, WoolSafe ta Ingila kuma tana yin haka ga kayan wankin ulu.

Abu biyu suka sa wannan horo na ganin dama ya zama kusan dole. Na farko garanti ne. Manyan masu ƙera kafet irin su Shaw da Mohawk sukan gindaya sharaɗi cewa sai ƙwararru sun riƙa wanke kafet cikin ƙayyadadden lokaci, galibi tsakanin wata 12 zuwa 18 ga kafet na gida, kuma a ajiye rasit, kafin su karɓi kowane ƙorafi. Na gine-ginen kasuwanci ma yana zuwa da takardar umarnin kulawa wadda saɓa mata ke iya kashe garanti. Na biyu dokar kare lafiyar ma'aikata ce. Hukumar OSHA ta Amurka ta fitar da dokar sanar da ma'aikata haɗarin sinadarai a 1983, ta daidaita ta da tsarin lakabi na duniya a 2012. Birtaniya tana da dokokin COSHH na 2002. Dukansu sun ɗora wa mai kamfani nauyin koya wa ma'aikaci haɗarin abin da yake taɓawa. Wannan ɓangare na horon ba a muhawara a kansa, domin wajibi ne. Annobar korona ta 2020 ta ƙara wa masu gine-gine son ganin takarda a hannun mai share musu wuri, ta kuma buɗe ƙofar yin kwasa-kwasan ta intanet, abin da ya rage kuɗin tafiya da masauki.

Abin da ake koya a kwana biyun

Ba za a iya auna darajar horon ba sai an san abin da ke cikinsa, kuma abin da ke cikinsa ya fi yadda mai kallo daga nesa ke zato.

Darasin farko yakan ba sabon shiga mamaki: mafi yawan dattin kafet busasshe ne. Masu koyarwa sukan ƙiyasta shi da kusan kashi uku cikin huɗu, wato yashi da ƙura da gashi da ɓurɓushin takarda, waɗanda injin zuƙar ƙura ke fitarwa ba tare da ɗigon ruwa ba. In aka zuba ruwa kafin a zuƙe su, sai su zama taɓo su nutse ƙasa. Yashin da aka bari kuma yana aiki kamar samfefa: duk takun ƙafa yana goga shi a jikin zare yana karce shi. Zaren da ya karce ba ya mayar da haske yadda ya saba, shi ya sa hanyar da ake yawan bi a ofis ke yin duhu-duhu ko bayan an wanke ta tas. Wannan lahani ba ya gyaruwa. Don haka ma'aikacin da ya fahimci dalilin jan injin zuƙa a hankali a bakin ƙofa da gaban lif, da dalilin shimfiɗa doguwar tabarmar share ƙafa a mashiga, ya riga ya tsawaita ran kafet tun bai taɓa sabulu ba.

Sai gane zare. Ana yanko 'yan silili daga wani lungu a gwada. Ulu in an ƙona shi yana warin ƙonannen gashi, tokarsa tana murmushewa a yatsa. Nailan narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Folifurofilin yana tasowa saman ruwa domin ya fi ruwa rashin nauyi. Amfanin gwajin yana bayyana in aka zo kan sinadari. Ma'aunin pH yana tashi daga 0 zuwa 14. Ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, sama da 7 ɓangaren kanwa. Yawancin sabulan da ke narkar da maiƙo suna ɓangaren kanwa, kuma gwargwadon kaifinsu gwargwadon saurin aikinsu, shi ya sa wanda ba a horar ba ke ƙaunarsu. Amma ulu ba ya jure kanwa mai kaifi: launinsa yana zuba, zarensa yana rauni. Nailan mai kariyar tabo ana son a tsaya masa ƙasa da 10. Bilic yana narkar da ulu ɗungurungum, yana kuma cinye launin nailan da aka rina bayan ƙira, alhali folifurofilin, wanda launinsa ke cikin jikinsa tun a masana'anta, yana jure shi. Sai dai shi ma yana da nasa rauni: yana son mai, kuma zafi kaɗan ke narkar da shi, har jan kujera mai nauyi da sauri a kansa yana iya barin layin ƙuna.

Ana kuma koyar da ƙa'idar da Herbert Sinner, masanin sinadarai a kamfanin Henkel na Jamus, ya tsara a 1959: kowane wanki yana tsaye kan sinadari da zafi da cuɗa da lokaci, in an rage ɗaya dole a ƙara wani. Wannan ƙa'ida ce ke bayyana kuskuren da ya fi yawa a fagen aiki. Ma'aikacin da ake hanzartawa ba ya barin sabulu ya jiƙa na 'yan mintoci, ba ya cuɗawa da burushi, sai ya cike gurbin da ninka awon sabulu da ruwa. Da safe kafet ya yi kyau. Bayan 'yan makonni ragowar sabulun da ba a ɗauraye ba, wanda ke da danƙo, ya kama kowace ƙura da ta faɗo, wurin ya fi da ƙazanta. Daga nan aka samu zancen da masu gine-gine da yawa suka yarda da shi, cewa kafet in an fara wanke shi ba ya ƙara zama da tsabta. Laifin na ragowar sabulu ne. Maganinsa a auna daidai, a ɗauraye, wani lokaci da ruwa mai ɗan tsami don ya kashe kanwar da ta rage.

Yawan ruwa yana da nasa jerin masifu. In ƙasan kafet na zaren tsiro ne, irin wanda ake yin buhun algarara da shi, jiƙewa fiye da kima yana sa shi tsuke ya ja daga jikin bango, ko ya fitar da wani launi ruwan ƙasa ya hauro sama. Tabon kofi da aka ga ya ɓace yana dawowa washegari, domin ragowarsa da ke can ƙasa tana biyo ruwa sama yayin bushewa, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Ana son kafet ya bushe cikin awa 6 zuwa 8, kada ya kai awa 24, domin daga kwana ɗaya zuwa biyu na laima fumfuna ke samun wurin zama. A ofisoshin zamani akwai ƙarin haɗari: gutsuren kafet sau da yawa yana kan daɓen da aka ɗaga, wayoyin lantarki da na kwamfuta suna ƙarƙashinsa.

Tabo kuwa kowanne da abokin gabarsa. Jini ruwan sanyi yake so, zafi yana dafa shi ya kama har abada. Shayi da kofi sinadari mai ɗan tsami ke fitar da su. Garin tawadar injin kwafi a bushe ake zuƙe shi, in ruwa ya taɓa shi ya zama fenti. Sinadarin narkar da mai in aka kwarara shi kai tsaye yana ratsawa ya narkar da gam ɗin da ya riƙe ƙasan kafet, garin neman gira a rasa ido.

Daga ƙarshe a zo kan zaɓen hanya. Akwai feshin ruwan zafi da zuƙe shi nan take, wanda shi ne wanki mai zurfi. Akwai sinadarin da ke lulluɓe datti ya daskare ya zama gari a zuƙe shi daga baya, mai saurin bushewa, wanda ya dace da kulawar tsakanin manyan wanki. Akwai faifan ƙyalle mai juyawa da ke share saman zare kawai, wanda masu ƙera kafet da dama ba sa so saboda yana murɗe zare. Ƙwarewa ita ce a raba gini gida-gida gwargwadon yawan taku, a tsara wa kowane yanki hanyarsa da lokacinsa.

Ribar kamfani da mai gini

Lissafin mai gini shi ya fi sauƙi. Kuɗin sauya kafet na bene guda ba na kafet kaɗai ba ne. Akwai kwashe tebura, da cire tsohon, da kwanakin da ba a aiki. Kowace shekara da aka ƙara wa ran kafet tana da daraja da ta ninka kuɗin kwas sau da yawa.

Na kamfanin tsafta ma bai da wuyar gani. Kuɗin kwas na kwana biyu 'yan ɗaruruwan daloli ne, a haɗa da albashin kwanakin da ma'aikaci bai fita aiki ba. Ɓarna ɗaya a kafet na ulu a ɗakin taron otal tana iya cinye abin da zai horar da ayari guda, ban da kwangilar da za a rasa da kuɗin inshora da zai tashi. Ƙarƙashin wannan akwai asarar yau da kullum da ba ta fitowa fili: komawa aikin da aka riga aka yi domin tabo ya dawo, sabulun da ake zubawa ninki biyu, famfon inji da ya lalace don ba a wanke matatarsa ba. Albashi shi ne kaso mafi girma na kuɗin da kamfanin tsafta ke kashewa, saboda haka duk awar da aka maimaita asara ce kai tsaye. Ma'aikaci mai horo kuma ya san ya zagaya da mai gini kafin a fara, ya nuna masa inda zare ya riga ya karce ko launi ya koɗe, a rubuta, don kada gobe a ce wanki ne ya jawo. Rigingimu da yawa a nan suke mutuwa.

To, me ya sa kamfanoni da dama ke ja da baya? Amsar tana ga abin da masanin tattalin arziki Gary Becker ya bayyana a littafinsa na 1964 kan jarin ɗan Adam. Ya raba horo gida biyu: wanda ba ya amfani sai a kamfanin da ya bayar da shi, da wanda ma'aikaci zai iya ɗauka ya tafi da shi ko'ina. Sanin zare da sinadari na biyun ne, takardar IICRC ma da sunan mutum ake rubuta ta. A sana'ar da ma'aikata ke yawan shiga da fita, mai kamfani yana tsoron ya biya kuɗin horo, wata uku maƙwabcinsa ya ƙara wa yaron 'yan kuɗi ya ɗauke shi. Daga baya Daron Acemoglu da Jörn-Steffen Pischke sun nuna a 1998 cewa kamfanoni kan biya irin wannan horo duk da haka, a inda albashi ba ya tashi daidai da ƙwarewar da aka samu, domin bambancin yana zama ribarsu. Wannan bayani ya dace da sana'ar tsafta sosai, kuma shi ne ya kai ga ɓangaren da ya fi nauyi a maganar.

Rabon ma'aikaci

Riba ta farko da ma'aikaci ke samu, wadda ba ta jiran yardar kowa, ita ce lafiyar jikinsa. Haɗa bilic da amoniya yana fitar da iska mai ƙona huhu, haɗa shi da sinadari mai tsami yana fitar da kulorin. Wasu magungunan cire tsatsa suna ɗauke da asid ɗin haidurofulorik, wanda ke ratsa fata ba tare da zafi nan take ba, ya je ya yi ɓarna a ciki. Injin wanki da ake girkawa a cikin mota da fetur yake aiki, kuma in aka tayar da shi a rufaffen gareji hayaƙinsa yana kisa kamar na janareta a ɗaki. Ciwon asma da ake samu a dalilin aiki sananne ne a tsakanin masu aikin tsafta, haka ciwon baya da kafaɗa daga jan sandar feshi awa bayan awa, haka zamewa lokacin da aka tako daga jiƙaƙƙen kafet zuwa tayil. Mutumin da ya iya karanta lakabin kwalba da takardar bayanin haɗari ya samu abin da zai raka shi duk inda ya je, kuma ba daidai ba ne a lissafa wannan a matsayin alfarma daga mai kamfani.

Ribar kuɗi kuwa ba ta zuwa da kanta. Kwangilar tsafta galibi ga mai farashi mafi araha take tafiya, wannan yana danne albashi, kuma ba kowane kamfani ne ke da matakin ƙarin kuɗi ga mai takarda ba. Inda babu shi, ma'aikaci ya dawo daga kwas, aka ɗora masa ayyuka masu wuya da koyar da sababbi, albashi yana nan inda yake. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba abin mamaki ba ne irin wannan ma'aikaci ya tafi, tafiyarsa kuma ta ƙara tabbatar wa mai kamfani cewa horo asara ne, alhali rashin ƙarin albashin ne ya kore shi.

Wasu kamfanoni a Amurka sun nemi toshe ƙofar da yarjejeniyar cewa wanda ya bar aiki kafin wani wa'adi zai biya kuɗin horon. In kuɗin daidai yake da abin da aka kashe, yana kuma raguwa wata-wata, ana iya kare tsarin. In an kumbura shi, ya zama bashin da ke ɗaure talaka a aikin da ba ya so, kuma hukumar kare masu hulɗa da harkokin kuɗi ta ƙasar ta yi gargaɗi a kan irin wannan bashi a 2023. Ya kamata ma'aikaci ya san cewa a Amurka da Birtaniya horon da mai kamfani ya wajabta lokacin aiki ne, dole a biya shi. Akwai kuma hanyar da ta warware matsalar Becker daga tushe. A Niyok, ƙungiyar ma'aikatan gine-gine ta 32BJ tana da asusun horo da masu kamfanoni ke zuba wa kuɗi tare, mambobi su yi karatu kyauta. Tunda kowa ya biya, babu mai kukan an sace masa wanda ya horar.

Inda takardar ta fi biya shi ne in ta zama matakin farko na tsani. A tsarin IICRC, mai shekara ɗaya a aiki da ya haɗa wasu kwasa-kwasai yana samun matsayi na tsakiya, mai shekara uku da ƙarin kwasa-kwasai ya kai matsayin gwani. Daga kafet ake shiga wankin kujeru, da gyaran launi, da busar da ginin da ruwa ya ci, aikin da kamfanonin inshora ke biya kuma ya fi tsoka. Daga nan wasu ke zama shugabannin ayari ko masu ƙiyasin kwangila, wasu su sayi inji su buɗe nasu. Ga mai wannan niyya, ko daga aljihunsa ya biya, kwas ɗin yana da ma'ana. Ga mai sharar ofis da ke taɓa injin wanki sau biyu a shekara, biyan kwas da kuɗin sabuntawa daga ƙaramin albashinsa ba ya fitar da shi. Abin da yake buƙata shi ne horon zuƙar ƙura da cire tabo da haɗarin sinadari, a wurin aiki, a kan kuɗin kamfani.

Inda horon ke tashi a banza

Kwana biyu a aji yana ba da dalili, ba ya ba da hannu. Saurin jan sanda, da jin damshin kafet da tafin hannu, sai an bi gwani na makonni. Kamfanin da ya tura mutum kwas bai haɗa shi da wanda zai bi ba ya sayi rabin kaya.

Abin da ya fi wannan kashe horo shi ne awon aiki. In an yanka wa ma'aikaci faɗin da zai wanke a dare ɗaya bisa farashin da aka karya don cin kwangila, ba shi da mintocin barin sabulu ya jiƙa, komai saninsa. In injin zuƙa ya gaji, ko babu fankar busarwa, haka. Shi ya sa horar da shugaban ayari da mai ƙiyasin kwangila kafin kowa ya fi tasiri, domin su ke raba lokaci da kaya. Akwai batun harshe ma: da yawa daga masu wannan aiki a Amurka baƙi ne masu jin Sifaniyanci, kuma OSHA ta ce dole horon kare lafiya ya kasance cikin harshen da ma'aikaci ke fahimta. Horon kyauta da masu sayar da sabulu da injuna ke bayarwa yana da amfani wajen sanin kayansu, amma kowace matsala maganinta yakan kasance a kan kantarsu, don haka ba ya maye gurbin kwas mai zaman kansa.

A Najeriya da Nijar lissafin ya ɗan bambanta. Ba kasafai garanti ko takarda ke yanke wa ake ba aiki ba, kuma dardumar da ke naɗuwa ana kai ta wurin wankin mota a cuɗe ta da omo a shanya, rana ta ƙarasa aikin. Amma manyan masallatai da otal-otal da ɗakunan taro a Abuja da Kano da Yamai suna da kafet daga bango zuwa bango, ƙurar hunturu tana cika shi, in kuma aka jiƙa shi da damina warin laima ya zauna a inda mutane ke ɗora goshi. Ilimin zuƙar ƙura da awon sabulu da busarwa yana aiki a nan ko babu takarda. Kamfanonin Najeriya da dokar asusun horar da ma'aikata na ITF ta 1971 ta hau kansu suna biyan kashi 1 cikin 100 na jimlar albashinsu, kuma suna iya neman a mayar musu da wani kaso in sun horar da ma'aikata.

Hukuncin da hujjojin suka bayar shi ne horon ya cancanci kuɗinsa, kuma wanda ya fi cin moriyarsa, wato kamfani da mai ginin da ke ba shi kwangila, shi ya kamata ya biya. Ga ma'aikaci, kariyar lafiya tabbas ce tun ranar farko, ƙarin kuɗi kuwa sai an rubuta shi. Wanda aka ce ya tafi kwas yana da haƙƙin ya tambaya, kafin ya sa hannu a kowace takarda, ko za a biya shi kwanakin karatun, wa zai riƙa biyan kuɗin sabuntawa, da nawa albashinsa zai koma ranar da ya ci jarrabawa.